Wane faifai ne bakandamiyar kiɗan prog?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya. Ya ce kimanin shekara guda ke nan da ya tsunduma cikin sauraren kiɗan nan da ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, wanda masu shi suke kira progressive rock, ko prog a taƙaice, amma duk wanda ya tambaya wane faifai ne ya fi, sai ya ba shi suna daban. Wannan ya ce In the Court of the Crimson King, wancan ya rantse da Close to the Edge, na uku kuma ya ce duk ɓata baki ne bayan The Dark Side of the Moon. Yana so in faɗa masa gwanina, in kuma nuna masa mudun da na auna da shi.

Ɗan'uwa, ba zan ja maka rai ba. Gwanina shi ne Red, faifan da ƙungiyar King Crimson suka fitar a watan Oktoba na 1974. Sai dai idan na tsaya a nan ban yi maka komai ba, na ƙara maka suna na huɗu ne kawai a kan ukun da suka ruɗa ka. Abin da ya sa abokanka suka saɓa shi ne ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Na farko yana gaya maka faifan da ya buɗe ƙofa ne, na biyu yana nufin wanda aka rasa inda za a kushe, na ukun kuwa ƙila yawan waɗanda suka saya yake dubawa. Ni tambayar da nake yi wa faifai daban ce, kuma ta samo asali ne daga yadda shi kansa faifan garmaho yake.

Babban faifan garmaho yana ɗaukar minti 20 zuwa 25 a kowane gefe. In aka matsa sai an wuce haka, dole a matse layukan da allura take bi, sauti ya ragu, amon bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, ya yi rauni. Saboda haka makaɗan wancan zamani da gefen faifai suke tunani, kamar yadda magini yake tunani da faɗin filin da aka yanka masa: abin da suke da shi shi ne daga saukar allura zuwa lokacin da mai sauraro zai tashi ya juya faifai. Sauran mawaƙan rok sukan cika wannan fili da gajerun waƙoƙi biyar ko shida. 'Yan prog kuwa suka ce me zai hana waƙa guda ta cinye gefen gaba ɗaya. To, waƙar da ta nemi minti 18 ko 23 daga gare ka, bashi ta ci, kuma abin da nake tambaya ke nan: ta biya kuwa? Shin abin da aka jiyar da kai a minti na 3 ya dawo a minti na 17 da wani nauyin da ba shi da shi a farko, ko kuwa gutsattsarin waƙoƙi ne aka ɗinke wuri ɗaya don kawai a kai bakin faifai?

Doguwar waƙa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, duk wanda ya taɓa zama ya saurari Bakandamiyar Shata daga farko har ƙarshe ya san haka. Amma akwai bambancin da ya kamata ka riƙe tun yanzu. A wurinmu kalangu yana riƙe da kari guda, magana ce take tafiya, ita take hawa da sauka, da azancinta kuma ake gane gwani. A prog al'amarin ya juya, kiɗan ne yake ba da labari, kalmomi kuwa sau da yawa ado ne. Jon Anderson na ƙungiyar Yes yakan zaɓi kalma saboda amonta kafin ma'anarta, don haka wanda ya zauna da ƙamus yana neman fassarar baitocinsa zai sha wahalar banza.

Mu fara da zaɓin abokinka na farko. In the Court of the Crimson King ya fito ranar 10 ga Oktoba, 1969, wata uku bayan King Crimson sun yi wasa a Hyde Park da ke Landan gaban dubban ɗaruruwan jama'ar da suka zo kallon Rolling Stones, alhali ko faifai ɗaya ba su da shi a kasuwa. Muhimmancinsa ba abin jayayya ba ne. Waƙar farko, 21st Century Schizoid Man, ta haɗa nauyin rok da saurin jaz, jita da saksofon suna gudu tare suna tsayawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, kuma har yau ba ta tsufa ba, tunda Kanye West ya ɗebi muryar Greg Lake, mawaƙin ƙungiyar, daga cikinta ya sa a waƙarsa Power a 2010. A wannan faifai ne kuma Mellotron ta zama uwar gida, ko da yake Beatles da Moody Blues sun riga su amfani da ita. Na'ura ce mai madannai irin na piyano da aka ƙera a Birmingham, amma ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan zaren tef da aka ɗauki sautin gogen Turawa ko sarewa ko muryoyin mutane a kansa. In ka danna, tef ɗin ya yi tafiyar daƙiƙa takwas ya ƙare, sai ka ɗaga yatsa ya koma baya. Wannan gajeren numfashi nata, da 'yar karkarwar da tef yake yi, su suka ba waƙar Epitaph amon nan mai kama da iska a cikin kango. Aibin faifan yana gefe na biyu. Moonchild minti 12 ce, waƙa mai daɗi ta ƙare tun kafin minti na 3, sauran kuma taɓe-taɓen kayan kiɗa ne ƙasa-ƙasa, wanda a kunnena cike gurbi ne kawai. Ina girmama faifan nan kamar yadda ake girmama kaka, amma ba kasafai nake jinsa ban tsallake komai ba, kuma faifan da ake tsallake wani yanki nasa ba zai zama gwanina ba.

Abokinka na biyu ya fi kusa, kuma da za a ɗora ni a kujerar alƙali a ce in yanke hukunci babu son rai, Close to the Edge na Yes zan ba kambu. Ya fito a watan Satumba na 1972, waƙoƙi uku ne kacal a cikinsa, tsawonsa duka bai kai minti 40 ba, kuma babu wurin da za a yanke a ce ba a yi asara ba. Kwatanta shi da faifansu Fragile, wanda ya riga shi da ƙasa da shekara guda. A can waƙoƙi huɗu ne na ƙungiya, sauran biyar kuma kowane makaɗi aka ba shi fili ya nuna abin da ya iya shi kaɗai, har da wata 'yar guntuwa ta mai ganga Bill Bruford da ba ta kai minti ɗaya ba. Roundabout da Heart of the Sunrise manyan waƙoƙi ne, amma faifan bai zama jiki ɗaya ba.

Waƙar da ta ba Close to the Edge suna ta cinye gefen farko, minti 18 da 'yan kai. Tana buɗewa da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa, sai kwatsam ƙungiyar ta afko da wani hargitsi na kusan minti uku, jitar Steve Howe tana ta tsalle-tsalle, bes ɗin Chris Squire yana hawa ba tsayawa, can sai komai ya yanke ɗif, muryoyi su ja sauti guda, a sake afkawa. Mai jin farko yakan ɗauka shirme ne. Amma daga cikin wannan hayaniya ne karin waƙar yake fitowa a jita, a sarari, kamar mutumin da ya kutso daga cunkoson kasuwa ya faɗo fili, kuma wannan kari da amshin da yake binsa su ake ta juyawa har ƙarshe, kowane zuwa da irin kayan da suka sa. A tsakiya komai ya lafa, sai ɗigon ruwa da muryoyi uku suna saƙa juna, sannan babban ogan ɗin coci ya shigo, wanda Rick Wakeman ya kaɗa a majami'ar St Giles-without-Cripplegate a Landan aka ɗauko aka haɗa. Lokacin da amshin ya dawo karo na ƙarshe, kalmominsa ba su canja sosai ba, amma kai da ka ratso hargitsin da shirun ba yadda ka ji shi da farko kake jinsa ba. Ta biya bashinta, har da gyara.

Ba a zama ɗaya aka ɗauke ta ba. Guntu-guntu suka yi ta a situdiyon Advision, injiniyan sauti Eddy Offord yana yankan tef da reza yana liƙawa, ana gardama a kan kowane ɗan yanki har tsakar dare. Wannan tafiyar hawainiya ce ta ƙosar da Bruford, wanda da ma zuciyarsa tana wajen jaz da kiɗan nan-take, ana gama aikin ya tattara sandunansa ya koma King Crimson, ya bar ƙungiyar da tauraronta yake haskawa. Riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi. Zanen cikin bangon faifan kuma, na tudun nan da ruwa yake zubowa daga ko'ina a gefensa, aikin Roger Dean ne, wanda kafin ya fara yi wa Yes zane shi ya yi wa Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei ɗan Gana ya jagoranta a Landan, giwayen nan masu fukafukai a 1971.

In kana son ganin abin da yake faruwa idan aka ci bashi aka kasa biya, ba sai ka je nesa ba. A Disamba na 1973 Yes suka fitar da Tales from Topographic Oceans, faifai biyu, waƙa huɗu, kowacce gefe guda, jimilla sama da minti 80. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, yana kuma da masoya har gobe, ni ma akwai wurare a gefen farko da na huɗu da nake so. Amma an yanka rigar ne kafin a auna mai sawa. Wakeman da kansa ya ce an yi wa faifan ciko, ya kuma bar ƙungiyar a 1974 bayan sun gama yawon wasanni da shi.

Genesis kuwa ba na iya yi musu adalcin alƙali, domin ta ƙofarsu na shiga gidan. Ina saurayi wani abokin karatuna ya ɗaukar mini Selling England by the Pound na 1973 daga faifan yayansa a kan kaset C90, mai minti 45 a kowane gefe, alhali faifan ya haura minti 53. Saboda haka kaset ɗin yakan ƙare ne a tsakiyar The Cinema Show, ana cikin kaɗa jita mai tsirkiya 12 a hankali, sai ka ji ƙas, rediyo ta tsaya. Shekara da shekaru na ɗauka waƙa ce mai sanyi da ta kusa ƙarewa a wurin. Ranar da na ji ta cikakkiya sai na tarar ashe rabin da ya fi shahara aka yanke mini, inda Tony Banks yake hawa ƙaramar na'urarsa ta ARP Pro Soloist ya yi doguwar tafiya a kan bugu bakwai-bakwai, Phil Collins a ganga da Mike Rutherford suna riƙe masa ƙasa. Bugu bakwai yana nufin maimakon ka ƙirga zuwa huɗu ko takwas kamar a yawancin kiɗan rawa, kana kaiwa bakwai sai a koma ɗaya, kamar mai tafiya da ake ɗauke masa taki guda a kowane zagaye. Gwanintar Collins ita ce ba za ka ji ɗingishin ba sai ka zauna ƙirga.

A faifan nan ne kuma Firth of Fifth take, kuma ita ce misalin da nake ba duk wanda bai gane abin da nake nufi da biyan bashi ba. Peter Gabriel, mawaƙin ƙungiyar, yana busa wani kari a sarewa, siriri, kamar ba zai kai ko'ina ba, bayan 'yan mintuna Steve Hackett ya ɗauko wannan karin dai a jita ya ja shi ya faɗaɗa shi, Mellotron tana bayansa, har tsigar jiki ta tashi. Abin da ya hana faifan kambu a wurina shi ne The Battle of Epping Forest, kusan minti 12 na kalmomi da aka cusa a kan kiɗan da ya riga ya cika, sai su biyun suka riƙa tattake juna. Ka kuma sani cewa waƙoƙin Gabriel cike suke da wasan kalma irin na Ingilishi, da sunayen manyan kantunan Ingila na lokacin, ita kanta Firth of Fifth juya sunan mashigin ruwan Firth of Forth na Sikotland ce, kuma wanda bai tashi a can ba zai rasa rabin dariyar. Masu zaɓen Foxtrot na 1972 saboda Supper's Ready ba su yi kuskure ba. Minti 23 ce, kashi bakwai, ana ganin ɗinkin a wasu wurare, musamman Willow Farm da asalinta waƙa ce mai zaman kanta, amma bayan guguwar bugu tara-tara ta kusa da ƙarshe karin farko yana dawowa da girma, kuma wannan dawowar ta wanke sauran laifin. The Lamb Lies Down on Broadway na 1974, wanda Gabriel ya bar ƙungiyar bayansa, faifai biyu ne, na farko zinariya ne, na biyu kuwa yana jan ƙafa.

Abokinka na uku yana da jama'a a bayansa. The Dark Side of the Moon ya fito a watan Maris na 1973, bayan Pink Floyd sun shafe shekara guda suna kaɗa waƙoƙinsa a dandali suna gyarawa, ya kuma zauna a jerin faifan da suka fi kasuwa na mujallar Billboard a Amurka daga 1973 har 1988. Aikin sautin da Alan Parsons ya yi a Abbey Road har yau da shi ake gwada lasifika. Money ma bugu bakwai ce, sai in David Gilmour zai shiga da jita a koma huɗu. Clare Torry, wadda ta yi wannan kuka marar kalma a The Great Gig in the Sky, fam 30 aka biya ta, sai a 2005 aka sa sunanta cikin marubutan waƙar bayan ta kai ƙara. Ban ga aibi a faifan ba, illa dai gajerun waƙoƙi ne da aka haɗa bakinsu da gwaninta, ba ya neman haƙuri daga gare ka, don haka ba ya cin irin bashin da nake magana a kai. A gidansu na fi son Wish You Were Here na 1975. Shine On You Crazy Diamond aka raba biyu, rabi ya buɗe faifan rabi ya rufe shi, Gilmour ya gina ta a kan sauti huɗu kacal, kuma sai an haura minti 8 murya take shigowa. An yi waƙar ne a kan Syd Barrett, jagoransu na farko da hankalinsa ya taɓu, wanda ya shigo situdiyon a watan Yuni na wannan shekara suna cikin aiki a kanta, ya yi ƙiba, ya aske kai har da gira, suka daɗe ba su gane shi ba. A daƙiƙun ƙarshe Richard Wright yana saka ɗan karin See Emily Play, tsohuwar waƙar Barrett ta 1967, ƙasa-ƙasa, wanda bai kasa kunne ba zai wuce shi.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Thick as a Brick na Jethro Tull, 1972, waƙa guda ce a gefe biyu, kuma da zolaya aka yi ta: jagoransu Ian Anderson ya ji haushin yadda 'yan jarida suka ce faifansu na baya, Aqualung, mai jigo ɗaya ne, sai ya ƙirƙiri wani yaro ɗan shekara 8, Gerald Bostock, ya ce shi ya rubuta baitocin, ya kuma naɗe faifan cikin jaridar ƙarya mai shafi 12. Zolayar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Gefen farko babu kamarsa a aikinsu, farkon gefe na biyu kuwa yana ɗan yawon ɓata. Emerson, Lake & Palmer na fi jinjina musu fiye da son su. Keith Emerson gwani ne na gaske, gefen farko na faifansu Tarkus ya tsayu da ƙafarsa, amma sau da yawa sai ka ji gwanintar ce ake nuna maka, kamar mai doki da ya fi son a ga sukuwarsa fiye da ya isa garin da ya nufa.

Akwai kuma faifan da abokanka ba su ambata ba, Pawn Hearts na Van der Graaf Generator, 1971. Babu mai jita na dindindin a ƙungiyar, Hugh Banton ne a kan ogan, David Jackson yana busa saksofon biyu a lokaci guda, Peter Hammill kuma yana waƙa kamar wanda ake bi da wuƙa. A gida Ingila bai yi kasuwa ba, a Italiya kuwa ya hau matsayi na ɗaya. Italiyawan ba su tsaya ga saye ba, sun yi nasu, kuma Per un amico na Premiata Forneria Marconi da Darwin! na Banco del Mutuo Soccorso, duka na 1972, suna iya zama kujera ɗaya da na Ingila. Ka neme su cikin Italiyanci, kada ka fara da Photos of Ghosts, wanda aka sa wa waƙoƙin Premiata kalmomin Ingilishi a 1973. Rashin jin harshen ma alheri ne a nan, domin zai tilasta maka auna kiɗan shi kaɗai.

Yanzu mu zo ga Red. Waɗanda suka yi In the Court sun watse tun kafin faifan ya cika wata uku a kasuwa, Ian McDonald da Michael Giles suka fita a Disamba na 1969, Lake ya bi bayansu, aka bar mai jita Robert Fripp yana ta canja abokan aiki. A 1972 ya haɗa sabuwar ƙungiya da Bruford, da John Wetton a bes da waƙa, da David Cross a goge, da Jamie Muir a tarkacen kayan bugu. Muir ya tafi zaman ibada a wani gidan mabiya Buda a Sikotland, Cross ya fita bayan wasansu na Central Park a birnin New York ranar 1 ga Yuli, 1974, mutum uku suka rage suka shiga situdiyon Olympic. Kafin faifan ya iso kanti Fripp ya sanar cewa King Crimson ta ƙare. A bayan bangon babu zanen duniyar mafarki irin na Roger Dean, hoton ma'auni ne kawai da allurarsa ta shige cikin ja.

Haka sautin yake. Waƙar farko babu murya, jita da bes ne masu nauyi kamar ana jan dutsen niƙa. A One More Red Nightmare akwai wani faifan ƙarfe na ganga mai amo a tsage, wanda Bruford ya tsinto a kwandon shara na ɗakin da suke gwaji, ya lanƙwashe, bai kuma daɗe ba ya fashe. Dole in yi gaskiya a kan Providence, wadda ta buɗe gefe na biyu: kiɗan nan-take ne na minti 8 da aka ɗauko daga wasansu a garin Providence na Amurka, kuma mai son kama ni zai ce ai laifin da na ɗora wa Moonchild ke nan. Amsata ita ce wannan tana da inda ta dosa, tana tashi daga gogen Cross shi kaɗai har bes ɗin Wetton ya zo ya danne komai, kuma duhunta ne yake share wa Starless fage.

Starless minti 12 ce da 'yan daƙiƙu, ba ta ma cika gefe ba. Mintuna huɗun farko waƙa ce mai sanyi da baƙin ciki, Mellotron tana shimfiɗe, jitar Fripp tana rera wani kari da ko sau ɗaya ka ji ba za ka manta ba, Wetton yana waƙa, saksofon ɗin Mel Collins yana ratsawa. Sai a ɗauke maka wannan karin gaba ɗaya. Bes ya shigo da wani zagaye mai bugu 13, a hankali, Fripp kuma, mutumin da yatsunsa suke iya gudun da kaɗan ne suke iyawa, ya tsaya a kan sauti guda yana maimaita shi, ya daɗe, sannan ya ɗaga shi taki ɗaya, ya sake tsayawa. Bruford ya fara da ƙwanƙwasa ƙananan abubuwa, katako nan, ƙarfe can, kamar ɓarawo yana lalube a ɗaki, da kaɗan-kaɗan gangunan suke shigowa. Sama da minti huɗu ana haka, igiya tana ta ɗaurewa, har ka fara jin ba za ka iya ƙara jurewa ba. Daga nan ta tsinke, a zuba a guje, saksofon yana ihu. Can a ƙarshe karin farkon nan da aka ƙwace maka ya dawo, amma yanzu bes ɗin Wetton ne a ƙarƙashinsa kamar tsawa, Mellotron ta buɗe baki duka.

Close to the Edge tana biyan ka ne da yalwa, kowane minti ana miƙo maka sabon abu. Starless kuwa hana ka take yi, ta bar ka da yunwa, sannan ta ba ka abu ɗaya tak, wanda da ma ka riga ka sani, kuma ni wannan ya fi kama ni. Akwai kuma wani abu da sai wanda ya bi tarihin ƙungiyar zai ji. Mai busa saksofon ɗin nan a wurin gudun Ian McDonald ne, wanda ya fita a 1969, ya dawo a matsayin baƙo, Mellotron ɗin da take rufe waƙar kuma amon Epitaph ne ya komo bayan shekara biyar. King Crimson ba su sake fitar da sabon faifan situdiyo ba sai 1981, kuma a lokacin wani kiɗa ne daban suka zo da shi.

In za ka gwada mudun nan da kanka, ka lura da abu biyu. Yawancin abin da za ka samu a intanet an ƙara masa waƙoƙin gwaji a ƙarshe, don haka ka duba inda faifan asali ya tsaya ka tsaya a nan, in ka kai ƙarshen gefen farko kuma ka dakata kaɗan, tunda da wannan hutun aka tsara shi. Sabon haɗin sautin da Steven Wilson yake yi tun 2009 daga tef na asali na King Crimson da Yes da Jethro Tull da Gentle Giant abin dogaro ne, yana fito da kayan kiɗan da a da suke binne ba tare da ya canja fasalin faifan ba. Sannan, ɗan'uwa, kada ka yanke wa Red hukunci da lasifikar waya. Ka nemi abin sawa a kunne mai kyau ko babbar lasifika, domin ta waya ba ta fitar da bes ɗin Wetton, kuma rabin Starless a nan yake.